Ranar da Alhaji Mamman Ya Rufa Mini Asiri

A wajen cin abincin Sallah da muka yi bara a bakin kogi a Fort Washington, ɗan wani abokina, saurayi mai digiri biyu, ya tambaye ni aikin da nake yi. Na gaya masa. Ya dube ni, ya ce da Turanci, don Hausarsa ta ji ce ba ta mayarwa ba: "Kawu, wato biyanka ake yi ka lalata kaya? Ai ƙanena yana yin wannan kyauta." Sauran samarin suka kwashe da dariya. Ban ba shi amsa a wurin ba, domin bakina cike yake da nama, kuma mahaifiyarsa na zaune. To ga amsar yanzu, shi da duk masu irin tunaninsa.

Sana'ata tsufar da tufafi ce a gidan wasan kwaikwayo. Tela ya ɗinka riga sabuwa fil, a miƙo mini, ni kuma in mayar da ita rigar da wani bawan Allah ya yi shekaru yana zufa a cikinta. Ɗan wasa bai buɗe baki ba tukuna, amma mai kallo da ke kujerar ƙarshe ya riga ya san ko wannan mutumin manomi ne, ko ya taɓa yin arziki ya sauka, ko akwai mai kula da shi a gida. In bai sani ba, laifina ne.

Malamin makaranta ne ni a Zariya kafin in zo ƙasar nan ta Amurka, ina koya wa 'yan sakandare adabin Turanci, suna koya mini haƙuri. Da na sauka Alexandria sai aka nuna mini cewa takarduna sun yi kyau ƙwarai a cikin firam. Abin da ya cece ni shi ne mahaifina tela ne, na tashi a gindin keke. Haka na sami shiga ɗakin ɗinki na wani ƙaramin gidan wasa, a ƙarƙashin ƙasa, inda rana ba ta taɓa leƙowa ba, hannun wata tsohuwar baƙar Ba'amurkiya, Madam Bernice, wadda ba ta dariya sai bayan la'asar.

Aikin farko da ta ba ni wandon makanike ne. Na ɗauki abin gurzar kuɓewa, na bi wandon nan tun daga ƙugu har ƙafa, ban bar ko'ina ba, irin aikin ɗalibi mai son maki. Ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Kura ce ta kama mutumin?" Na ce a'a, aiki ne ya cinye shi. Ta ce, "Wace sana'a ce ke cin wando ko'ina daidai wa daida? Ajiye kayan aikin nan. Jeka ka hau jirgin ƙasa, Blue Line, daga farko har ƙarshe, ka dawo. Kada ka kalli fuskar kowa." Haka na yi ta yi har na fara gani. Direba, bayan cinyarsa ta dama ne ke sheƙi, inda yake zamewa ya fita daga mota. Mai renon yara, kafaɗa ɗaya ce ke koɗewa. Mai sanya waya a aljihu, zanen wayar na nan ko ya cire ta. Ranar Juma'a a masallaci kuwa, Allah ya yafe mini, na yi ta nazarin gwiwoyin mutane, na san mai sallah kullum da mai sallar Juma'a kawai.

Kayan aikin ba su da kwarjini. Abin gurzar kuɓewa, samfefa mai laushi da mai kaushi, buroshin waya, reza, kakin zuma, toka. Ganyen shayi na ba da rawayar tsufa, gahawa na ba da dauɗar wuya. Tsatsa kuwa noma ta nake yi, da tsofaffin ƙusoshi a kwalbar ruwan tsami. Amma kowace dauɗa sai ta kasance mai tsabta: ba wari, ba ƙaiƙayi, ba ta zuba a jikin ɗan wasa. Kuma ƙa'idar Madam Bernice ita ce ba a kafe launi sai darakta ya gani ya amince. Kafin nan duk abin da ka shafa wa riga ruwa na iya fitar da shi, don a sami damar gyara. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abokan cinikina daraktoci ne, mutanen da Allah ya hore wa magana amma bai hore musu awo ba. Wani ya taɓa dawo mini da kwat ya ce in ƙara masa baƙin ciki. Na tambaye shi a hannu ko a wuya. Bai ga abin dariya ba. Na sassauta maɓalli ɗaya, na sa duwatsu a aljihun suka kwana har ya saki, ya ce ai kuwa ga baƙin cikin nan. Su kuma 'yan wasa, jarumin da zai mutu a fagen fama kowace yamma shi ne zai sauko yana kuka wai kwalar riga na sukar sa.

Shekarar da bankuna suka durƙushe ita ce shekararmu mara kyau. Masu ba gidan wasa gudummawa suka ɗauke ƙafa. Madam Bernice ta yi ritaya ba don ta so ba, aka sallami teloli, aka bar ni ni kaɗai da kekuna a rufe kamar maƙabarta. Manaja ya sauko ya tsaya a bakin teburina, ya ce mini ba ɓoye-ɓoye: wasa ɗaya ya rage a shekarar, bayansa za su duba ko akwai buƙatar mai tsufar da kaya, ko kuwa su riƙa sayen gwanjo kawai su huta. Wato teburin nan, da kwalaben tsatsata, da abin da na yi shekaru ina koyo, duk sun rataya a kan wannan wasa.

Wasan kuwa labarin Japanawa ne da suka yi ƙaura zuwa wani gari a gaɓar tekun Ostareliya, garin da ya kafu a kan lu'ulu'u. Na ɗauka lu'ulu'un ake nema, ashe yawanci kwansonsa ne, wanda ake yanka maɓallan riga da shi kafin roba ta zo. Ni ɗan tela, na girma ina tsintar irin maɓallan nan a ƙasan shago, ban taɓa sanin mutum ne ke nitsewa ƙarƙashin teku da kwalkwalin tagulla a ka da takalman darma a ƙafa ya tsinto su ba. Wanda aka jawo sama da gaggawa, wani ciwo ke kama shi, ya shanye masa jiki ko ya kashe shi. Turawa masu jiragen suna tudu cikin fararen kwat, su kuma baƙin suna ruwa wata da watanni. Daraktar, Naomi, jikar ɗaya daga cikin masu nutson ce, daga can ta zo da wasanta.

Kayan masu nutson nan su ne aiki mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba yabon kai ba ne, domin ba wanda ya gan su a dandali yadda na fara yin su. Rigunan ulu masu kauri da suke sawa ƙarƙashin kayan nutso, na cinye su a kafaɗa, inda nauyin tagulla ke sauka. Wandunan masu fasa kwanso, na sa musu sheƙi a cinya inda ake goge wuƙa. Na tsoma su a ruwan gishiri, in shanya, in sake tsomawa, har farin layi ya hau kan farin layi. Garin jar ƙasa gare shi, na daka jan bulo na tankaɗe na bi bakin wanduna. Naomi na saukowa ta ce, "Ƙara huda, ina so a ga wahala." Na ƙara huda. Makonni na yi a kan haka.

Saura fararen kwat na Turawa, ga lokaci ya ƙure, ga ɗaurin aure da ba yadda zan ƙi zuwa a ƙarshen mako. Sai na kira Alhaji Mamman daga Gaithersburg. Mutumin Maraɗi ne, yana tuƙi da rana, yana ɗinki da yamma, kuma duk wanda ya sa babbar riga mai kyau ranar Idi a yankin nan, ku bincika, hannunsa ne. Mushe yake kirana, wato malamin makaranta a bakinsu. Na nuna masa kwat ɗin, na ce kalmasa da guga kawai. Na ba shi makulli. Ban ce masa komai a kan layin kayan masu nutso da ke rataye a ƙuryar ɗaki ba, kamar yadda ba ka ce wa baƙo kada ya share maka gona.

Ranar Litinin da safe na buɗe ƙofa, ƙamshin sitati ya tare ni. Igiyar ƙuryar ɗaki ba komai. A kan teburina kuwa ga kaya jere, a ninke, farare tas, kowace kusurwa kamar za ta yanki mutum. Alhaji na zaune a kujerata yana shan shayi, da alama da ganyen aikina.

"Mushe, barka da hanya. Kada ka yi mani godiya, don Allah na yi."

Na ce, "Alhaji, ina kayan da ke can?"

"Ga su gabanka. Na tahi neman almakashi, sai na ga tsummokara rataye. Wallahi kunya ta kama ni. Na ce bawan Allah wanga aiki ya yi mashi yawa, ga shi shi kaɗai. In Nasara sunka gani mi za su ce? Su ce Bahaushe musulmi ya hiddo kaya haka? Sai na ce bari in rufa mashi asiri."

Na ɗaga riga ɗaya. Kowace huda ya toshe ta da faci, ɗinkin keke, layi miƙe kamar an ja da rula. Na ce, "Jar ƙasar fa?"

"Kai, ita ta hi ba ni wahala! Sai da na sa ruwan jabel." Bilic ke nan. "Gishirin kuwa, Mushe, ban san inda ka ajiye kayan nan ba, amma ka canza wuri."

Na yi shekaru ina koyar da yaran da ke rubuta amsa a tafin hannu, ban taɓa ɗaga murya ba. Ranar na ɗaga. Na ce masa abin da ya wanke ɗin nan shi ne aikin. Ya ajiye kofi ya ce, "Dauɗar?" Na ce dauɗar. Ya ce, "Kai ka sa ta? Da hannunka? Da gangan?" Sannan ya ce a hankali, irin muryar da ake yi wa mara lafiya, "Mushe, gida sun san abin da kake yi nan?"

Ba mu gama ba muka ji takun mutane a matakala. Ranar ce ranar nuna wa darakta kaya. Naomi ta shigo, manaja na bayanta, ga kuma wata 'yar tsohuwa da sanda, mahaifiyarta, wadda ta taso tun daga Ostareliya don ta ga buɗe wasan. A garin lu'ulu'un nan aka haife ta, 'yar mai nutson ce ta cikinsa.

Naomi ta ce, "Ina kayan masu nutso?" Na nuna mata tebur. Ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa. Manaja ya kalli teburina yadda dillali ke kallon kayan mamaci. Don kada a ce ƙarya nake, na fito da kyamara na nuna musu hotunan kayan yadda na bar su ranar Juma'a. Tsohuwa ta gyara tabarau ta matso. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wa ya ce a huda su haka?"

Naomi ta ce, "Ni ce, Mama. Ina so a ga wahalarsu."

"Wahala kike so a gani, ko kakanki za ki mayar mahaukacin kasuwa? Mutum ya wuni a ƙarƙashin ruwa cikin sanyi da hudajjiyar riga, tagulla na cin kafaɗarsa? Ba wanda ke barin huda ta kwana. Da sun fito, sun ci abinci, allura ce a hannun kowa."

Alhaji ya taɓa ni. Turancinsa na awon kaya ne da sunayen tituna. "Mushe, mi ta ce?" Na fassara masa, a taƙaice, ba da son raina ba. Ya gyara zaman hularsa, ya dubi silin.

Sai tsohuwa ta ɗauki riga ɗaya, ta bi facin da yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Wannan kuma wane ne? Sitati? A jirgin da ake auna wa mutum ruwan sha da kofi? Ga ɗinki kamar na shagon birni. Akwai keke ne a tsakiyar teku? Babana da allurar ɗinkin tanti yake yi, da zare mai kauri, jirgi na rawa. Ɗinkin muni gare shi ƙwarai, uwata har ɓoye rigunan take yi in an yi baƙi."

"Mushe, mi ta ce?"

Wannan na fassara masa a tsanake, kalma bayan kalma, sau biyu.

Aka tsaya a kan cewa dauɗa ta dawo, gishiri ya dawo, faci ya zauna, amma a warware shi duka a sake da hannu, irin na jirgi. Manaja ya ce in kaya ba su hau dandali ranar gwajin ƙarshe ba, ba sai mun sake wata magana ba. Kwanakin da suka rage ba su cika hannu ba.

Nawa ɓangaren wahala ce kawai, na san hanyarta. Na tafasa shayi a bokiti, na haɗa fitilun dandali suka zame mini rana, na zuba kaya a injin busarwa tare da tsakuwa, abin da Madam Bernice za ta tsine mini a kai. Matsalar Alhaji ce. Na ba shi babbar allura da zaren tanti na ce ya yi ɗinki mai muni. Ya yi bismillah ya duƙufa. Da ya miƙo mini, ga ɗinki jere kamar sojoji a fareti. Na ce ya karkata. Ya sake, ya karkata shi, amma karkatar ma daidai wa daida ta fito, kamar ado. Ya share gumi ya ce, "Hannun ya ƙi, Mushe. Tun ina yaro maigidana ke buga mani sanda a yatsu in ɗinki ya kauce. Yanzu kai kuma ka ce in kauce?"

A nan ne nake so ɗan abokina ya kasa kunne. Wannan gwani ne, wanda ya fi ni sau goma a kan keke, ya wuni yana ƙoƙarin yin abin da wai ƙanenka ke yi kyauta, ya kasa.

Tsohuwar ce ta warware mana, ba da niyya ba. Ta ɗauki ɗabi'ar saukowa ta zauna a wurinmu, don ta ce a sama surutu ya yi yawa. Tana kallon Alhaji na fama, sai ta ce babanta, tun daga wata rana da aka jawo shi sama da sauri, hannunsa na dama bai ƙara riƙe allura ba, da hagu yake yi. Na juya na dubi Alhaji. Ya gane kafin in fassara.

"A'a. Da hagu? Ni ko ƙofa ban buɗewa da hagu."

Na ce, "Alhaji, da dama ka wanke mini teku. Da hagu za ka mayar."

Ya yi istigfari, ya sauya hannu. Ɗinkin ya fito a karkace, wani dogo wani gajere, zare na tattare yadi. Tsohuwa ta karɓa, ta duba, ta gyaɗa kai, ba ta mayar masa da rigar nan da nan ba. Can allura ta soke shi, jini ya ɗiga a kan ulu. Ya zabura zai nemo ruwa, na riƙe masa hannu na ce, "Bari! Wannan ne abu na farko mai amfani da ka ƙara wa kayan nan."

Kaya suka hau dandali ranar gwaji, wasu da ɗan danshinsu. Alhaji ya kafa sharaɗi ɗaya: kada sunansa ya fito a ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo. Ranar buɗewa ya zo cikin shadda mai aiki har ciki, karon farko da ya taɓa shiga gidan wasa ta ƙofar gaba. Akwai wurin da ake jawo mai nutso sama, a cire masa kwalkwali, a kwantar da shi a jirgi ba ya motsi, abokinsa ya zare masa rigar ulu ya ninke ta a hankali. Fitila ɗaya ce a kansu, kuma a kan kafaɗar rigar ta sauka. Ɗaki ya yi tsit. Tsohuwa na layin gaba, ta dafa sandarta da hannu biyu. Sai na ji raɗar Alhaji, wadda ake iya ji daga layi uku.

"Mushe, wancan facin nawa ne."

Na ce na sani.

"Ya karkace ƙwarai."

Na ce haka ake so.

"Allah ya sa ba ɗan Maraɗi a ɗakin nan."

Tebur bai tashi ba. Naomi ta gaya wa manaja a gaban kowa cewa gwanjo ba zai taɓa ba ta rigar nan ba, shi kuma ya sauko ya ce in ci gaba. Sai dai abin da ya fahimta shi ne aikin na mutum biyu ne. Tun daga ranar, duk wasan da ke da faci ko ɗinkin talaka, sai ya ce, "Kira abokinka mai hagu." Shekaru ke nan ina tare da Alhaji Mamman a ɗakin nan. Ya zama gwanin mugun ɗinki, har wasu gidajen wasa na aron sa, amma har gobe in ya ga abin da na tsufar sai ya girgiza kai ya yi mini addu'a. Dutsen guga yana cikin kabad, makullin na aljihuna.

Saboda haka, ɗan abokina, in har yanzu kana ganin wasa ne, ka zo ranar Asabar da sabuwar riga, wadda kake so, ba wadda aka ba ka kyauta ba. Zan gaya maka ta wane ce: sana'arsa, garinsu, da ko akwai mai jiran sa a gida. Kai kuma ka nuna mini inda ta fara cinyewa. Ka zo da ƙanen naka ma, mu ga nasa hannun. Abu ɗaya kawai: in ka gama, kada ka rataye ta inda Alhaji zai gani.